Manyan Ƙadangaru a Tsakar Gidan Baba Ishaya

Wata Asabar da yamma, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare, farkon shekarun tamanin, na fara ganin dabbar da ta fi rumbun babanmu tsawo. Muna zaune a tsakar gidan maƙwabcinmu Baba Ishaya, kowa da ɗan aikinsa a hannu. Ni faifan gyaɗa ne a cinyata ina ɓarewa. Talabijin ɗinsa muke kallo, ƙarami ne mai baƙi da fari, an ɗora shi kan kifaffen turmi, wayoyi biyu sun sauko zuwa batirin mota da ke ƙasa. Sai ga wani dogon wuya ya leƙo ta saman itatuwa, da ɗan kai kamar na ƙadangare, yana tsinkar ganye. Yara suka ja da baya, wani ya bangaje ni, gyaɗata ta zube. Ban tsince ta ba sai da shirin ya ƙare.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, kuma a lokacin ba mu da lantarki. Baba Ishaya makanike ne a gidan gurzar auduga na Funtua. Can yake kwana, sai ranar Asabar ya dawo a kan babur, batirin da ya yi wa caji ɗaure a baya da igiyar roba. Su Kirista ne, mu Musulmi, zana ɗaya ce ta raba gidajenmu, kajinmu ma ba su san akwai ta ba. Da an idar da La'asar matarsa Mama Rahila za ta shimfiɗa tabarmi, tsofaffi da yara su zauna gaba, maza su jeru a bakin zaure. A fara da shirin dabbobin, a biyo da wasan kwaikwayon Hausa da kowa ke ƙauna, a watse kafin Magariba.

Baba Ishaya ya ce sunan dabbobin dainaso, amma ba wanda ya riƙe, manyan ƙadangaru muke ce musu. Shi ke fassara mana Turancin. Ya ce sun ƙare tun kafin a yi mutane, ƙasusuwansu aka tono, aka ƙera siffarsu aka motsa ta a hoto. Wannan bayani bai hana gardama ba, don ba a taɓa kallon shirin shiru ba. Malam Sule mahauci ya ce ƙaryar Turawa ce tsagwaronta, amma duk mako yana nan yana auna wuyan dabbar da ido, yana tambayar ina wuƙar da za ta yanka shi. Kawu Audu, ƙanen babanmu, ya ce shi a ba shi guda ya ɗaure a gona, kashinsa kaɗai ya ishe shi taki har a raba wa dangi. Wani ya tuna masa cewa kafin ya yi kashin sai ya cinye dawar gari. Kakata Iya Lami, wadda ke kiwon kaji da zabi, tana cewa Allah yana halittar abin da ya ga dama, sai dai ita ba ta ga amfanin tsorata yara da abin da ya riga ya mutu ba.

Ni ban taɓa sa baki ba. Yarinya ce ni mai kunya ƙwarai, ko a aji malami ya kira sunana sai in sunkuyar da kai, ko da na san amsa. Amma idona ba ya barin komai. Na lura cewa wanda ke cin nama a cikinsu yana da yatsu uku a ƙafa, kuma yana miƙa wuya gaba in zai yi gudu, kamar zabon Iya. Na lura masu cin ganye suna sa ƙananansu a tsakiya in za su tafi. Ranar Asabar da sassafe nake gama ɗebo ruwa da surfe, in bi yayyena tsinkar auduga ba tare da an kira ni sau biyu ba, don kada a sami dalilin riƙe ni da yamma. A makaranta, in ƙawayena suna 'yar carafke ko gaɗa a gindin darbejiya, ni ina gefe ina zana dogon wuya a ƙasa da tsinke, in wani ya matso in share da ƙafa. A bakin rafi kuma na gina su da laka, na sa karan dawa cikin wuyan don kada ya karye.

Sai batirin ya fara tsufa. Ni na riga kowa gani, don hoton ya soma tsukewa daga gefe-gefe, baƙi yana cin sa, tun ana tsakiyar wasan kwaikwayo. Wata Asabar ya mutu ana dab da kama ɓarawon akuya a wasan, aka tashi ana tsaki. Mako na gaba, kafin a kunna, Baba Ishaya ya tsaya ya ce batirin ba zai ɗauki shiri biyu ba, sai a zaɓi ɗaya. Ya ƙara da cewa na ƙadangarun yau ne kashi na ƙarshe, ba za a sake nunawa ba. A makon da ya wuce an tsaya ne a kan wani rami cike da ƙwai, ɗaya ya fara tsagewa, kuma an ce za a nuna abin da ya ƙarar da su duka. Sati guda ina kwana ina tashi da ramin nan.

Ba a daɗe ana shawara ba. Malam Sule ya ce ya gaji da kallon naman da ba a ci. Kawu Audu ya ce shi ɓarawon akuya yake so ya ga ƙarshensa. Yara suka goyi bayansu. Na sunkuyar da kai kan faifaina, hawaye na taruwa, na san zance ya ƙare. Sai na ji Baba Ishaya ya ce akwai wadda ba a ji ta bakinta ba, kuma ita kaɗai ce ke kallon shirin nan ba ta surutu.

"Hanne, 'yata, ke me kika ce?"

Kowa ya juyo yana kallona. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani yaro ya fara dariya, Mama Rahila ta harare shi. Baba Ishaya bai maimaita tambayar ba, bai kuma juya ya bar ni ba. Ya tsuguna kusa da batirin yana goge kan wayoyin da tsumma, kamar ba jirana yake yi ba. Can dai na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji:

"Baba, ƙwan nan ya tsage, ba mu ga abin da ke ciki ba."

Iya Lami, wadda kullum take kushe shirin, ta ajiye mazarinta. "Yarinyar nan ta fi ku gaskiya. Ɓarawon akuya kullum ana kama shi a kasuwa, Audu, je ka kalla can. Ni ma ina son ganin ɗan tsakon nan."

Aka kunna. Ƙwan ya fashe, wani ɗan abu jiƙaƙƙe ya fito yana tangaɗi, bai fi ɗan tsako ba, har Malam Sule ya yi dariya. Daga nan shirin ya sauya. Sama ta yi duhu, ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, manyan dabbobin nan suka riƙa tafiya suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba Ishaya ya fara fassarawa, sai ya bari, don ba wanda ke buƙata. Manyan da ke wurin duk sun ga babban farin da aka yi ina ƙarama, lokacin da shanu suka riƙa mutuwa a bakin hanya. A karon farko aka kalli shirin ba gardama. Na ji Malam Sule, wanda ya ce duk ƙarya ce, ya ce a hankali, "Ashe yunwa ce ta cinye su, bayin Allah." Iya ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙin murhu ne.

Wasan kwaikwayon ya fara hoton bai fi kwalin ashana ba, sannan ya ɗauke. Na ƙanƙame jikina ina jiran a ɗora mini laifi. Kawu Audu ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce to, uwar ƙadangaru ta ci mu da yaƙi. Sunan ya bi ni har na gama firamare, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Ranar Litinin malaminmu ya tambaya ko akwai wanda ya kalli shirin, na ɗaga hannu, na yi bayani har ƙarshe.

Yanzu jikokina suna kallon dabbobin nan a waya, masu launi, masu ruri kamar a taɓa su, kowa shi kaɗai a ƙuryar ɗaki, in ya gaji ya ture da yatsa. Sun san sunayensu duka, abin da ni ban sani ba har yau, amma ba su da mahaucin da zai ƙaryata, ba su da kakar da za ta sauya ra'ayi a gaban jama'a. Baba Ishaya ya daɗe da rasuwa, kuma kunya ba ta bar ni na gode masa da bakina ba. Na yi shekaru ina koyarwa, duk ajin da na shiga sai na nemi yarinyar da ke zaune shiru na tambaye ta. In ta kasa amsawa nan take, nakan jira.