Wayar da Ake Miƙa wa Baba da Hannu Biyu

Baba mai sayar da huluna ne a Kasuwar Kurmi, amma abin da aka fi saninsa da shi zaɓe ne. Mutum zai zo da guntun shaddarsa, Baba ya ɗora a gwiwa, ya duba, ya zaro hula biyu ya jera. Bai taɓa nuna hula ɗaya ita kaɗai ba. Yakan ce ido ba ya gane kyau sai da abin gwadawa a gefe.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, a Madabo, ƙaninsa ya karɓi rumfar. Tsofaffin abokan ciniki kuwa suka ƙi yarda da idon kowa. Sai su aiko da guntun shadda har gida, su ce a kai wa Malam ya zaɓa.

A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo, ina kuma koyon gina shafukan intanet idan na tashi daga aiki. Na ɗauki hoton kowace hula a rumfar, damanga da ƙube da tangaran, na haɗa musu shafi, don Baba ya riƙa zaɓe daga kan buzunsa. Yayata, wadda take zaune da shi tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce za ta buɗe shafin a wayarta, ta nemo launin da ake so, ta miƙa masa.

Irin wannan shafi yana da iyaka a cikinsa, wadda mai kallo ba ya gani. Idan fuskar na'ura tana da faɗi, kamar ta kwamfuta, hotuna su jeru gefe da gefe. Idan faɗin bai kai iyakar ba, kamar waya a tsaye, su sauko ɗaya bisa ɗaya. Hanyar da na bi ta yi kama da aikina na rediyo, shi ya sa na so ta. Wani ɗan sashe na shafin ba shi da aiki sai lura da faɗi. Da zarar an ƙetare iyakar, sai ya ba da sanarwa, sauran sassan da ke saurarensa kowa ya gyara zama. Na gwada a kwamfuta, na ja tagar shafin na ƙuntata, na faɗaɗa. Na gwada a waya. Ban ga aibu ba.

Bayan wasu makonni Yaya ta kira ni.

"Baba ya ce a daina kawo masa shadda."

"Shafin ne ya lalace?"

"Shafinka lafiya lau. Idonsa ne. Ya ce ya daina rarrabe launi."

Ranar Juma'a bayan masallaci na je. Na same shi a ɗakinsa na ƙofar gida, ya miƙe ƙafa, ga guntun shadda ruwan toka a gefe, wadda wani Alhaji, abokinsa tun na ƙuruciya, ya aiko saboda ɗaurin auren jikansa. Mun gaisa, na tambayi jiki.

"Jiki da sauƙi, ɗan jarida," in ji shi. Haka yake kirana idan yana son tsokana. "Ido ne ya yi ritaya. Yayarka ta ce ga shuɗiya, ni kuma ja nake gani. Ba sau ɗaya ba. Gara in bari da kaina, kafin in sa wa mutum hular da za a yi masa dariya a taro."

Ya faɗe shi ba tare da rawar murya ba, amma bai dube ni ba.

Na roƙe shi ya sake gwadawa a gabana. Yaya ta tsaya daga bakin ƙofa, wayar a tsaye a hannunta, ta gangara cikin hotunan har ta iso kan wata shuɗiyar damanga. Na leƙa, shuɗiya ce. Sannan ta yi abin da aka koya mana tun muna yara. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta riƙe wayar da hannu biyu, kowane hannu a gefe ɗaya, ta miƙa. Wayar da ke tsaye ta koma kwance.

A tsakanin hannunta da nasa faɗin ya ƙetare iyakar. Sanarwa ta fita, kuma shafin ya yi abin da na rubuta masa, wato ya sake jera kansa daga farko. Hular farko a jerin kuwa ja ce.

Baba ya kalla. Yaya tana durƙushe, idonta a ƙasa. Ba za ta leƙa abin da ke hannun mahaifinta ba, ba kuma za ta yi masa musu ba. Shi ma ba zai ce 'yarsa ba ta san shuɗi ba.

"Baba, wane launi ka gani?"

"Ja."

"Ja ce."

Ya ɗago. Na karɓi wayar, na tsayar, na nemo shuɗiyar, na kwantar a gabansa, jar ta dawo. Na maimaita. Yaya ta saki salati, ta dafe baki.

"Kai, amma ka iya ɓarna!" in ji ta. "Har kwalli na sayo masa."

"To, ashe ladabi ne wayar ba ta so," in ji Baba. Ya yi dariya har da tari. "Je ka koya mata."

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. A nan ɗakin na yi shi, kwamfuta a cinya, ana kiran la'asar. Na sa shafin ya riƙe hular da ake kallo duk yadda aka juya wayar. Na ƙara abu ɗaya, idan wayar ta kwanta, hular ta fito tare da wata mai kusa da launinta, gefe da gefe.

Yaya ta sake durƙusawa ta miƙa. Baba ya ɗora shaddar Alhaji a gwiwa, ya dubi hulunan biyu, ya dubi shaddar, ya daɗe.

"Ta hagu. Ta daman zarenta ya yi haske, za ta danne rigar. A faɗa wa Alhaji ni na ce."

Ya ci gaba da zaɓe har shekarar da ya rasu. Rumfar tana nan, shafin ma yana nan, ko da yake an sake masa fasali. Wanda ya karɓi kula da shi ya tambaye ni dalilin jera hula biyu a waya kwance, alhali kusan kowa a tsaye yake riƙe waya. Na ce masa ya bar shi haka, akwai gidajen da har yanzu da hannu biyu ake miƙawa.