Ranar da Sifanar Malcolm Odling Ta Ɓata

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malcolm Odling yau shekara ashirin da shida, kuma ban taɓa aron guduma a wurinsa ta kwana a gidana ba. Kafin shayin yamma za ka ga kansa ya leƙo ta saman katanga.

"Norman, ka gama?"

"Ƙusa biyu suka rage, maƙwabci."

"To zan jira." Kuma ya jira ɗin, a tsaye, har sai na miƙa masa.

In ka shiga ɗan ɗakin aikinsa na bayan gida za ka gane dalili. Akwai farin allo a bango, kowane ƙarfe an zana siffarsa da jan fenti a inda ake rataye shi. In an cire filaya, jar filaya ta zane za ta tsaya tana hararar ka har ka mayar. Wata rana na ce wa matarsa, "Marjorie, ke a wane bango aka zana ki?" Ta ce ita ba a zana ta ba, domin ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

A nan ƙauyen Wrangby aka haife mu duka. Ubansa kabeji yake yanka a gonar mutane, nawa ma haka. Ni na bar makaranta ina ɗan sha biyar na bi motar dankali, shi kuwa tun yana ƙarami in jiragen yaƙi suka taso daga sansanin da ke bayan ƙauye sai ya saki wuƙar kabeji ya ɗaga kai, har sai ubansa ya doke masa ƙeya. Yana cika sha bakwai ya shiga sojan sama. Shekara ashirin da biyu ya yi a ciki, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba, makaniki ne. Sau ɗaya tak ya hau jirgi a rayuwarsa, lokacin da Marjorie ta ja shi hutu ƙasar Sifen, kuma ita ta ba ni labarin yadda ya cika leda biyu da amai kafin su sauka. Abin da soja ya bar masa shi ne fansho, da gwiwa mai ƙara, da kunnen hagu da ya mutu. Saboda haka in zan zage shi ta hagu nake tsayawa. Ya gane ni tuntuni. Da ya ga bakina yana motsi ta wannan gefen sai ya ce, "Kai ma," ya ci gaba da aikinsa.

Da aka rufe sansanin, wani manomi mai suna Grummitt ya sayi filin, har da jirgin yaƙi guda ɗaya da aka bari a ƙarshen titin tashi. Malcolm ya yi aiki a kan wannan jirgin da hannunsa yana saurayi. Shi da wasu tsofaffin abokan aikinsa suka roƙi Grummitt ya bar musu shi, kowace Asabar suna can, suna goge shi, suna korar tsuntsaye daga cikinsa, suna shafa masa mai. Tsohuwa suke kiran jirgin. Ba ta tashi sama kuma, doka ta hana, amma injinta yana da rai.

Sai dai iskar da ke zuwa mana daga teku gishiri ne da ita, ba ta barin ƙarfe. Shekara biyu da suka wuce wani mai duba jirage ya zo ya ƙwanƙwasa gindin fiffiken, ya ce in Tsohuwa ta ƙara damina biyu a waje, tsatsa ta gama da ita. Grummitt ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada fiffike ya faɗo a kan ɗan wani. Ya ce ya ba da fili kyauta a yi mata rumfa, amma in watan Oktoba na bana ya kama ba rumfa, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yayyanka ta.

Rumfar da za ta rufe jirgi ba rumfar kaji ba ce, fam dubu arba'in aka ce musu. Marjorie ta gasa kek har murhunta ya lalace. Aka ajiye bokiti a mashayar ƙauye. Malcolm ya taka mil hamsin da ƙafa mutane suna biyan kowane mil, ni ina binsa a mota a hankali ina tambayarsa ko in kira masa motar asibiti. Duk da haka kuɗi ba su kai ba. Abin da ya rage musu guda ɗaya ne: a sa rana a watan Agusta, a tayar da injin Tsohuwa a gaban jama'a, kowa ya biya fam goma ya ji ƙarar. Kada ka yi mamaki, akwai mutanen da za su tuƙo mota awa huɗu domin a toshe musu kunne.

Ni aka ba teburin shayi, tare da Marjorie. Da hantsi famfon babbar tukunyar shayin ya fara ɗiga. Na duba, ga allon kayan aikin Malcolm an ciro shi daga bango an kawo shi kusa da jirgi, ba kowa a wurin. Na zari wata 'yar sifana da ba ta fi ɗan yatsana ba, na ɗaure famfon, na jefa ta a aljihun rigar aikina da niyyar in mayar yanzu. Sai ga mota cike da tsofaffin mata, kowacce da yadda take son madararta. Sifana ta fita daga kaina.

Ƙarfe biyu na rana mutane sun kai ɗari bakwai a bayan igiya. Aka taimaka wa Mista Pellow ya hau kujerar tuƙi. Shi tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, shi ne kuma shugaban masu tara kuɗin, mutum mai lanƙwasasshen baya da sanda, sai da mutum biyu suka tallafe shi a kan tsani. Malcolm ya zagaya jirgin yana taɓa nan yana leƙa can. Daga nan ya je gaban allo, kamar yadda suke yi kullum kafin a taɓa inji, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Yatsan ya tsaya. Ya juya ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya gicciye su.

Ko ni na san ma'anar wannan. Injin jirgin yaƙi duk abin da ke gabansa zuƙe shi yake yi. In an manta ƙarfe a ciki, injin ya tarwatse, gutsattsarin kuma ba su tambayar wa ke tsaye a ina. Saboda haka a wurinsu in ƙarfe ɗaya ya ɓata, ba a tayarwa sai an gan shi da ido.

Minti ashirin suka wuce, sannan arba'in. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Wasu suka nufi ƙofa suna cewa a mayar musu da kuɗinsu. Grummitt ya ƙetare igiya, muryarsa har teburinmu.

"Malcolm, abin nan bai kai cokalin shayi ba. Wataƙila a gida ka baro shi."

"Da safe yana nan. Ni na rataye shi."

"Mutane suna tafiya da kuɗinsu, ka gani kuwa?"

"A ba su."

"In aka ba su, jirginka ya tafi. Ni ba zan ɗaga ranar ba, na gaya maka."

"Na ji," in ji Malcolm. Ya ɗauki tocila.

Mista Pellow ya leƙo daga sama ya ce, "Grummitt, rabu da shi. Ni ina nan zaune, ba inda za ni. Ko na so ma ba zan iya sauka ba."

Malcolm, mai shekara saba'in da huɗu, ya durƙusa a kan wannan gwiwar tasa ya rarrafa cikin bakin injin har sai tafin takalmansa kawai ake gani. Abokansa kuma suka roƙi jama'ar da ta rage su jeru kafaɗa da kafaɗa su bi filin a hankali suna duban ƙasa. Sai ga manyan mutane da jakunkuna da lema suna tafiya a sunkuye kamar masu tsintar dankali.

Na ce wa Marjorie, "Mijin nan naki zai kashe aikin shekara biyu saboda ƙarfen fam uku."

Ba ta yi dariya ba. Tana goge kofi ta ce, "Ka san abin da ya lanƙwasa bayan Mista Pellow?"

Na ce tsufa mana.

"Yana da shekara talatin bayan ya lanƙwashe. Wata rana an nemi ƙaramar filaya an rasa, ana gaggawa, aka matsa wa Malcolm, ya sa hannu a takarda cewa komai ya cika. Jirgin bai yi minti uku a sama ba. Pellow ya tsira da laimar sauka daga jirgi, ya faɗo a gonar gwoza. Ba Malcolm ne ya manta filayar ba, amma hannunsa ne a takardar." Ta ajiye kofin. "Pellow ya yafe masa tun a gadon asibiti. Shi ne bai yafe wa kansa ba."

Shekara ashirin da shida ina tsokanar mutum a kan allonsa, ban san wannan ba. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na zura su aljihu. Na ji sanyin ƙarfe.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne in sulale bayan tanti in yar da ita a ciyawa, wani ya tsinta, kowa ya tafa. Har na ɗaga ƙafa. Sai Marjorie ta ce, ba ma ni take kallo ba, "Abin da nake tsoro, a tsince ta a ƙasa. Zai ce shi ya yar bai sani ba, zai ce kansa ya fara tafiya. Daga ranar ba zai sake taɓa jirgin ba, ko an yi rumfa ko ba a yi ba."

Sannan ta juyo ta dube ni. "Norman, me ya sami fuskarka? Ta yi kamar madarar jiya."

Na ƙetare igiya, na je na ja ƙafar wandon Malcolm. Ya fito da baya, a hankali, fuska duk baƙin mai. Sabo ya sa na tsaya ta hagunsa.

"Ni na ɗauka," na ce.

"Kai ma," in ji shi.

Sai na zagaya ta dama, na buɗe tafin hannuna. "Famfon shayi ne ya ɗiga, maƙwabci. Ni na ɗauka, na manta."

Ya daɗe yana kallon sifanar. Na ɗauka zai zage ni, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya karɓa, ya goge ta a jikin rigarsa, ya je ya rataye ta a kan jan zanenta. Ya koma farkon allon ya sake bin kayan tun daga na ɗaya, mutane suna jira, yayyafi ya fara. Da ya kai ƙarshe ya dubi Mista Pellow ya juya yatsa a sama.

Ni ba mai son jirgi ba ne, amma ƙarar nan a haƙarƙari na ji ta. Kofuna suka yi ta rawa a teburi har biyu suka faɗo. Warin kananzir ya rufe filin. Tsofaffin abokan aikin Malcolm suka tsaya a jere suna ta fyace hanci wai iska ce. Malcolm kuwa yana gaban jirgin, kansa a karkace, kunnen da ya rage masa yana fuskantar injin.

Da aka kashe, filin ya yi tsit, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen sun riga sun tafi da kuɗinsu. Kowa ya san ba za a kai ba. Sai Marjorie ta karɓi lasifika daga hannun Grummitt.

"Jama'a, wanda ya tsayar da ku awa ɗaya da rabi a cikin yayyafi, ga shi can mai rigar shayi. Sunansa Norman Skipworth. Muna da soso, muna da ruwan wanke-wanke. Jifa ɗaya fam ɗaya."

Suka ɗaure ni a kujera. Ban san mutanen ƙauyenmu sun daɗe suna jiran wannan ranar ba. Matar da ke sayar mana da burodi ta dawo layi sau shida. Tsofaffin matan nan masu madara, ɗaya ta cire takalmi don ta gyara tsayuwa. Mista Pellow ya ba da fam hamsin aka juye mini bokiti gaba ɗaya a madadinsa. Malcolm ne ya zo ƙarshe, ya biya fam ɗaya, ya matse soson sosai don kada a yi ɓarnar ruwa, ya auna, ya same ni a kunnen hagu.

Kuɗin ba su kai na rumfa mai bango ba, sun dai isa ginshiƙai da rufi. Grummitt ya zo ya duba, ya yi ta gunaguni, daga baya ya kwance kwanon wani tsohon rumbunsa ya kawo aka rufe gefen da ke kallon teku. Saura kwana tara Oktoba ya kama aka ja Tsohuwa ciki da tarakta, Malcolm yana tafe a gaba da baya da baya, yana ba direba hannu.

Har yanzu yana ba ni aron guduma, har yanzu yana leƙowa kafin shayi. Ranar Asabar ni nake kai musu shayi rumfar. A bakin ƙofa, ta waje, akwai sawun ƙafa biyu da Malcolm ya zana a ƙasa da jan fenti, daidai girman takalmina. Nan nake tsayawa in miƙa tire.