Shabrolen Illa Gardi

In kun taɓa bi ta hanyar Kalfu daga Tawa, kun ga wata doguwar mota ƙirar Shabrole, ruwan madara, ƙarƙashin rumfar zana. Ta Illa gardi ce, ko kuma ba tashi ba ce. Shi kanshi bai sani ba.

Shekara talatin ke nan da wani Ba'amurke mai ginar rijiyoyi, wanda Illa ke yi wa gadi, ya tashi komawa gida. Ya miƙa mai makullin Shabrolen, ya ce da guntuwar Hausarshi, "Illa, riƙe." Kyauta ce ko ajiya? Kunya ta hana Illa tambaya.

Bai iya tuƙi ba. Amma kowace Juma'a yakan wanke ta, ya zauna cikin kujerar nan mai laushi kamar katifa yana shaƙar ƙamshin fata. Direbobi na dariya, wai shan mai gare ta kamar raƙumi ya iske rijiya.

Da tsufa ya kama shi, ya tara ɗiyanshi gaban liman don kada ya mutu da nauyin motar.

Liman ya ce, "In kyauta ce, gado ce. In ajiya ce, sai a ci gaba da tsaro."

Shafi'u, babban ɗanshi, ya ce, "Baba, in gado ce na yafe. Maƙera su yi tukwane da ita."

Illa ya daɗe yana duban ɗan nan, ya rasa abin da ya hana yaro ganin kyanta.

"Na tuna," ya ce, alhali bai tuna komi ba. "Ajiya ce. Shafi'u, kai za ka riƙe."