Gansakukar Bayan Ɗakin Inna

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da na fi jin haushi a rayuwata, ba sai na yi tunani ba. Ranar da Baffa, ƙanin mahaifina, ya kankare katangar bayan ɗakin kakata Inna ce, kuma har abada ba zan manta da ita ba.

Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, ina karatun tsirrai, aka ba ni aikin bincike a kan gansakuka. Na dawo ƙauyenmu da ke wajen Dawakin Tofa da damina, na yi ta leƙe-leƙe a bakin rijiya da gindin randa da jikin tsamiya. Amma babu inda ya kai wannan tsohuwar katangar ƙasa, wadda rana ba ta taɓa ta sai da yamma. Mutanen gida kallon ƙazanta suke yi wa abin. Ni kuwa da na kara gilashin dubawa mai ƙara girman abu sai ga su iri-iri: wata lallausa kamar karammiski, wata mai tsini-tsini, wata toka-toka mai sheƙi. Ba fure, ba saiwar kirki, laima kawai ke riƙe da su. Malaminmu ya ce kada in ciro su sai sun fitar da 'yan siraran kara masu ƙullutu a ka, don da su zai tantance kowane iri. In na rasa su, sai wata daminar.

Sati shida ina gadin katangar nan. Na faɗa wa kowa kada a taɓa ta, har Baffa, wanda ya kwashe da dariya ya ce, "Yanzu duk bokon nan a kan gansakuka ya ƙare?" Na yi murmushi na wuce. Wautata ke nan.

Ranar da karan suka nuna, na tafi gari sayo ambulan da zan zuba su. Na dawo da la'asar na tarar da Baffa da fartanya a hannu, katanga ta sha sabon yaɓe, sumul. Wallahi sai da idona ya rufe.

"Baffa, me na yi maka?"

"Gyara na yi, 'yar nan. Abin nan ruwa yake riƙewa, so kike katanga ta faɗo wa tsohuwa? Ki je bakin rijiya, ga shi can fal."

"Ai ba iri ɗaya ba ne! Wuni guda kawai za ka jira!"

Ya karkaɗe hannunsa ya tafi alwala. Na tsuguna a juji ina tsintar ɓarɓashi, ina kuka. Da na yayyafa musu ruwa sai suka buɗe, kore shar, amma ko kara ɗaya bai tsira ba. A satin nan ruwa ya ɗauke. 'Yan ajinmu suka gama suka tafi bautar ƙasa, ni na ƙara shekara.

Har yau Baffa bai ba ni haƙuri ba, labarin ma na ban dariya ne a wurinsa, kuma har yau raina yana ɓaci. Amma na koyi abu guda: in ka faɗi abin da ya dame ka aka yi dariya, to ba a ji ka ba. Kada ka yi murmushi ka wuce. Tsaya ka maimaita, da ƙarfi, sai dariyar ta ɗauke.