Wayoyin Ɗakin Inna

Bayan rasuwar Baba na bar gidana a Makarfi na koma ƙauyenmu, wajen Gazara, don in taya Inna zaman takaba. Farkon zuwana gidan cike yake da mutane, ban samu kaina ba. Da 'yan gaisuwa suka ragu sai na tarar ba na iya zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida safe da yamma, na wanke tukwanen da ba a dafa komai a cikinsu ba, na kwance buhunan masara na sake ɗaurewa. Inna tana kallona daga kan sallayarta, carbi a hannu.

Daga nan idona ya faɗa kan wayoyin wutar ɗakinta.

Baba ne ya ja su da hannunsa, shekarar da barkono ya yi kyau ya sayo sola. Waya ta sauko daga kan kwano ta shigo ta taga, ta nufi batirin da ke ƙarƙashin gado. Daga nan ta rarrabu: wata ta hau zuwa ƙwan fitila, wata ta bi ƙasa zuwa fanka, wata ta rediyo, wata kuma ta dogon soket ɗin da matan maƙwabta ke kawo salularsu caji. Duk inda waya ta gaza sai ya ƙara guntu ya naɗe. Sun yi ta yaɗo a bango da ƙasa kamar kabewa a jikin danga.

Wata rana da hantsi Gwaggo, yayar Baba, ta shigo gaisuwa. Ƙafarta ta sarƙe da wayar fanka, ta tafi za ta kifa, na tare ta. Fankar ce ta faɗi ta ci gaba da juyawa a ƙasa. Gwaggo ta zauna tana salati. Ni kuwa na samu aikin yi.

Na kira Yayanmu da ke Kudan na gaya masa.

Ya ce, "A fafe bango a binne su, a shafe da siminti. Magana ta ƙare."

Inna ta ji, domin na buɗe muryar salular. Bayan na kashe ta ce, "In ɓera ya ci ɗaya fa, ɗakin za a rushe? Babanku duk damina sai ya bi su ya gyara. Ki bar su inda hannu zai kai."

Ranar kasuwar Makarfi na sayo wata farar roba doguwa mai murfi, wadda ake kwantar da waya a cikinta a rufe, da ƙananan ƙusoshi. Na cire kan batirin tukuna, kamar yadda na sha ganin Baba yana yi, na fara. Bangon laka ne aka yi wa shafen siminti. Duk ƙusar da na buga sai ta ɓantaro shafen ta faɗo. Na sake bugawa, ta sake faɗowa. Na daki yatsana, na tsotse, na ci gaba. Har la'asar ban ci abinci ba. Daga baya na samo siraran katakai a rumbu, na kafe su da dogayen ƙusoshi, na ɗora robar a kansu. Sai ta zauna.

Na yi yini biyu ina warwara. Akwai ƙullin da na kasa kwancewa, na daɗe riƙe da shi, domin irin ɗaurin da Baba ke yi wa akuya ne. Ban yanke shi ba. Na lanƙwasa shi a hankali na tura cikin robar.

Da na gama, ɗakin ya yi fili. Wayoyin sun bi gindin bango da gefen ƙofa a rufe. Soket ɗin cajin na sa shi cikin kwando mai murfi kusa da taga, na huda ƙasan kwandon waya ta shiga. Na mayar da kan batiri. Fitila ta kawo, rediyo ta yi magana, fanka ta ƙi.

Inna ta miƙa hannu bayan kan gadonta ba tare da ta duba ba, tana lalube. Hannunta ya taɓa roba. Ta sake lalubawa.

"Ina mahaɗin nan?"

"Wane mahaɗi, Inna?"

"Na fanka. Sai an ɗan murɗa shi take tashi. Babanku ke murɗawa in ya dawo daga masallaci, in ba ya nan ni nake yi."

Na ce zan sayo sabuwar waya wadda ba ta da mahaɗi. Ta mayar da hannunta kan cinya.

Na ɗauko wuƙa na yanke murfin robar daidai wurin, tsawon tafin hannu. Mahaɗin ya fito fili. Na ƙara masa naɗi don kada ƙarfen ya taɓa fata, na buga ƙusa a samansa na rataye faifai ya rufe wurin. Ta ɗaga faifan, ta murɗa, fankar ta tashi.

"To, zauna haka nan," in ji ta. "Tun da kika zo ban ga kin zauna ba."

Na zauna gefenta, iska tana kaɗa mana mayafi. Na yi ƙoƙari. Amma ta ƙofa ina hango wata waya da ta ratsa tsakar gida zuwa zaure, ta yi ciki a tsakiya, kaji suna bi ta ƙarƙashinta. Kafin a kira magariba na je na jingina tsani.