Anti Agogo, Mai Tambayar Injina Ƙarfe Nawa

Kowace safiya, kafin ta ajiye jaka, sai ta shiga ɗakin nan mai sanyi inda manyan kwamfutocin asibiti, waɗanda ake kira saba, suke gurnani, ta duba ƙarfe nawa ne a wurin kowace. Shi ya sa muke tsokanarta da Anti Agogo.

Aikinta ba ya ganuwa. A cikin kowace saba akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki, su ke riƙe da sakamakon gwaji da bayanan marasa lafiya, sannan akwai guda mai kula da su duka. Da asibitin ya buɗe reshe, aka ce ta kafa masa tasa mai kula, ta haɗa ta da ta babban asibiti. Haɗin kuwa a lokacin kafawa ake yin sa, kuma da sharuɗɗa: zubin manhajarsu ya dace, kowace ta gane sunan 'yar'uwarta da adireshinta, agogonsu kuma ya zo ɗaya.

Ana gobe reshen zai fara karɓar masu wankin ƙoda, ita kuma ritayarta ta ƙarato, haɗi ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Babbar matsala ce, don in bayanansu ba su iso ba, sai dai a mayar da mutanen nan gida da ciwonsu. Shugabar nas-nas ta leƙo har ta gaji.

"Anti, in buga musu waya su fasa zuwa?"

"Dakata, 'yar'uwa, don Allah."

Ta bi suna, ta bi adireshi, duk lafiya. Sai ta kira injiniyan reshe.

"Ƙanena, da wane agogo ka saita injin?"

"Da na bango mana, Anti."

"Na bangon daidai yake?"

"Wayyo! Ai mu nan gaba muke sa shi, don kada a makara."

Dabarar hana makara ce ta kusa hana marasa lafiya magani! Ta sa injinan biyu su riƙa karɓar lokaci daga wuri ɗaya, ta sake kafawa, ta zuba wa allo ido bakinta na motsi da addu'a. Da sunan reshen ya bayyana a allon kusa da na babban asibiti, kujera kawai ta nema.

Anti, ke ce mai gadin da ba a gani. Masu wankin ƙodar nan ba su san fuskarki ba, kuma ba ki taɓa neman su sani ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Amma gaskiya tsoro nake ji, don kin tafi kin bar mu da injinan.

Ku da kuka gaji kujerarta, ku gaji tambayarta. Jiya na ga injiniyan reshe a kan tebur, yana mayar da agogon bango daidai.