Baffa a Ƙofar Zaure

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta tana haddar Turanci: "put on, take off." Nan take na tuna Baffa, ƙanen mahaifinmu, tsohon malamin firamare a Anka.

Shi ba a allo yake koyar da irin waɗannan kalmomi ba. Hularsa mai ƙamshin turare yake cirewa ya ce "take off", ya mayar ya ce "put on", mu yi ta dariyar sanƙonsa.

Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyen Dareta, dariya ta ƙare. Yayana ya dawo daga niƙan dutsen zinariya, ƙurar da ke ɗauke da gubar har gira. Baffa ya tare ƙofar zaure da sanda.

"Take off! Tuɓe rigag ga, ka yi wanka nan waje. Ba ka shiga muna cikin yara da ita!"

Yanzu mijina ke wannan aikin. Da kayan aikin yake shigowa ya ɗauki jaririnmu, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Kwana uku ke nan yaron ba ya kama nono sosai.

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa. Ya ara mini muryarka kafin mijina ya dawo da yamma.